Kazar da Ta Riga Ni Takawa

Kwanan baya aka dawo da jikana daga asibiti da gwiwa a naɗe cikin farin bandeji, yana kishingiɗe a bayan mota yana latsa waya kamar ba shi aka yi wa aiki ba. Ubansa, wato ɗana, ya zauna kusa da ni a zaure ya nuna mini hoton ƙashin yaron. Ya ce likitoci sun sare ƙarin da ya tsiro a bakin gwiwar, sun kafa wani ɗan ƙarfe da zai riƙa miƙar da ƙafar a hankali yayin da yaron ke girma. Da ya gama sai ya tsura mini ido yana jira in yi murna ko in yi hawaye, don ya san irin ƙafar da na ja har na tsufa. Na laluba cikina ban tarar da ko ɗaya ba. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi ya shiga gida. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne wata kaza wake-wake mai gajeren wuya da na yi jinya ina yaro.

Kontagorar da na buɗe ido a cikinta ba ta san wannan ƙarar baburan da ke hana mutum jin sallamar maƙwabcinsa ba. Ladan da maƙogwaronsa yake kiran salla, yana yin shiru sai taɓare su ɗauka daga gida zuwa gida, kana kwance za ka iya faɗin matar da ke daka daga yadda take sauke hannu. Bayan taɓare sai jakunan Baba. Fatauci yake yi, ya loda gishiri da kanwa da goro da 'yan yadudduka ya nufi Bobi da Bangi, wani zubin har Tungan Magajiya, ya dawo da dawa da man kaɗe da daddawa. Ni ne mai zuba wa jakunan harawa, in kai su rafi, in cire musu kaska, in shanya akumari. Ranar kasuwa nakan tsaya ƙofar gida in kalli matan Kambari suna shigowa da kayansu a kafaɗa, ƙafafunsu sun yi buɗu-buɗu, ina lissafin irin nisan da suka tako ina jin kishi. A gidanmu ba a ƙirga ɗa namiji cikin mutane sai ya bi jakuna zuwa Bobi da ƙafarsa ya dawo. Ban taɓa sha'awar zama alƙali ko direba ba, burina duka ranar da Baba zai ce in ɗaura ɗamara in bi shi.

Akwai wani abu da gidanmu ke taƙama da shi wanda yau in na faɗa yara sukan zaci wasa nake. Ƙasusuwanmu suna fitar da ƙullutai masu tauri, ba sa motsi, ba sa ruwa, galibi ba sa ciwo. Baba yana da su a wuyan hannu da allon kafaɗa. Kakana, wanda ban riske shi ba, an ce har a haƙarƙari yake da su. Muna kiran abin ƙashin gida. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Iya, ita ce mai gadin wannan gado. Duk jikan da ya fara wayo sai ta zaunar da shi a kan cinya tana shafa masa man kaɗe, alhali laluben ƙashin gida take yi. Wanda ba ta samu a jikinsa ba ta sallame shi da cewa ya yi gidan uwarsa. Ranar da yatsanta ya ci karo da nawa a gefen gwiwar hagu, sai da ta tara matan gida suka zo suka taɓa.

“Ga maigidana ya fito da shaidarsa,” in ji ta. “Kakanka da irin wannan ya je Gwanja sayen goro ya dawo a ƙasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.”

Ta ba ni ƙosai har ya ishe ni, na fita ina nuna wa yaran unguwa gwiwata ina yi musu gori. Abin da babu wanda ya lura da shi shi ne, na Baba da na Kaka a hannu da kafaɗa suka zauna, nawa kuwa ya zaɓi wurin da mutum ke ɗora nauyinsa.

Abin bai zo da gaggawa ba. Ƙullutun yana girma ina girma, wani ya ƙara fitowa a ƙasan gwiwar, wani a idon sawu. Sai ƙafar hagu ta fara gwamewa, gwiwar tana leƙen 'yar'uwarta, sawun yana gudu waje. Takalmina na hagu ya riƙa cinyewa ta gefe guda. In na tsuguna sai in ji wani abu ya tokare, in na yi gudu in ji gwiwoyina suna gaisawa. Yara suka laƙaba mini suna, wanda ba zan faɗa ba, don har yau akwai tsofaffi biyu a garin nan da ke kirana da shi. Inna, mahaifiyata, ita ta fara gane cewa ƙafar ta gaza ɗayar tsawo, domin ita ke kalmashe bakin wandona, kullum na hagu ne ke jan ƙasa. Amma ni ɗan fari ne. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona in da mutane, balle ta buɗe baki gaban surukarta ta ce ɗanta ba shi da lafiya. Matan yanzu sai ka ga sun rungume ɗan fari a bakin titi suna kiransa da sunan yanka, wasu na cewa kunya ta ƙare. Ni dai ban san wanda zan ba gaskiya ba. Na san Inna ta gani, ta kalmashe wandon ta yi shiru.

A shekarun yaƙi, lokacin da sojoji suka yawaita a gari, aka turo masu yin lamba makarantarmu. A cikinsu akwai wani malamin asibiti, Banufe, dogo mai sanyin magana. Ya ga yadda na tako zuwa layi, ya ce in koma in sake takowa. Ya lallatsa gwiwar, ya miƙar da ƙafafuna biyu a kan benci ya gwada dugadugan. Da aka tashi ya biyo ni har gida ya yi sallama da Baba. Ina raɓe a bakin zaure ina ji.

“Maigida, yaron nan ƙashinsa ɗanye ne har yanzu,” in ji shi. “Akwai asibiti can wajen Tungan Magajiya, likitan yana aikin ƙashi. A kai shi tun yana tsawo. Ka san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.”

“Ai abin gado ne, malam. Ga nawa.” Baba ya naɗe hannun riga.

“Naka ba a kansa kake tafiya ba.”

Baba ya ce in Allah ya kai mu kaka zai kai ni. Da yamma ya shiga ɗakin Iya ya durƙusa ya faɗa mata. Iya ba ta ɗaga murya ba, ba ta saba ba. Ta ci gaba da kaɗa mazarinta.

“Wato abin da uban naka ya bar maka ne za ka kai a yanke,” ta ce. “To yanke naka tukuna. Wane ne ya shiga ɗakin yankan nan ya fito da ƙafarsa biyu?”

“Iya, ƙafar tana karkacewa.”

“In karkacewa ce, maɗori ya mutu ne? Ƙashi ai aikinsu ne tun kafin a haifi Bature. A kai shi. In ɗori bai kama ba, ka kai shi duk inda ka ga dama, ba zan ce uffan ba.”

A kan haka aka tsaya. Ni kuwa ina bayan Iya ɗari bisa ɗari. Mun sha jin labarin asibiti a dandali, wai akwai zarto, wai akwai rami a bayan gini da ake zuba ƙafafun mutane. Duk wanda zai raba ni da zarto masoyina ne.

Maɗorin wani tsohon Bakambare ne a wani ƙauye kudu da gari, ya yi suna ƙwarai, kuma ba a banza ba. Na ga wanda bijimi ya taka wa ƙwauri ya fita daga gidan tsohon nan yana tafiya. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa “shi” ne a bakinsa, har Iya. Ya daɗe yana bin ƙafata da babban yatsa, ya ɗaga kai ya dubi Baba.

“Wannan bai karye ba. Ni karaya na sani.”

“Baba tsoho, a taimaka dai,” in ji Baba. “Ƙashi ai ƙashi ne.”

“To. Kun kawo kaza?”

Mun kawo, don kowa ya san ƙa'idar. Maɗori ba ya ɗora mutum shi kaɗai. Sai ya kama kaza ya karya mata ƙafa daidai wadda ke damun majinyaci, ya ɗora su tare, magani ɗaya, tofi ɗaya. Ranar da kaza ta taka, ɗori ya kama ke nan. Ya kama tamu, wake-waken nan da Inna ta bayar daga cikin nata, ya karya mata ƙafar hagu, na ji ƙas kamar an karya tsinken tsintsiya. Ya shafa mata wani baƙin magani da man shanu, ya jera mata tsinkaye ya ɗaure. Sannan ya juyo kaina. Ni dai bai karya ni ba, Allah ya saka masa. Ya shafe ƙafar, ya ja ta iya ƙarfinsa, ya jera mini karan dawa daga cinya har idon sawu ya ɗaure tamau da igiyar rama.

“Kaza ya taka, yaro ya taka,” ya ce. “Amma ƙashin mutum yana da nawa, ba ya sauri. Ku yi haƙuri da shi.”

Aka ajiye ni a rumfar tsakar gida a kan tabarma, aka kife kazar da kwando kusa da ni. Ban taɓa kula da wani mai rai ba kamar yadda na kula da kazar nan, har matata, Allah ya ji ƙanta, ta sha yi mini gorin haka da na ba ta labari. Na san in ba ta taka ba, zarto ne. Tsakin da aka ba ni in zuba mata sai in jiƙa shi tukuna. Na riƙa ba ƙannena ragowar tuwona su tono mata gara. In shaho ya gilma nakan jawo kwandon in rungume. In Iya ta zo wucewa takan ce, “Maigida, yaya amaryar taka? Ka yi mini kishiya da mai fukafukai.” Igiyar ta ci mini fata, ƙaiƙayi ya hana ni sukuni, ƙullutun gwiwar ya yi gyambo inda kara ke gugarsa, duk ban damu ba. Inna takan zo ta ajiye kunu ba tare da ta dube ni ba. Sau ɗaya kawai, da tsakar rana gida ya yi tsit, ta tsuguna ta ɗaga kwandon ta daɗe tana kallon kazar. Sai ta ce, ba da ni ba, da kazar, “Ke kam karya ki aka yi.” Ta mayar da kwandon ta tafi. Sai da na yi gemu na gane abin da take nufi.

Wata safiya aka kwance wa kazar ɗauri. Ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta sauke ɗayar, ta ɗan yi ɗingishi, ta hangi ƙwaro a gindin randa ta ruga a guje. Gida ya kaure. Iya ta sa aka dama fura aka raba sadaka, maƙwabta suka shigo barka. Ni na fi kowa murna, har da kuka. Aka kwance ni ma. Ƙafar ta rame, ta yi fari, kuma tana nan a gwame yadda aka ɗaure ta. Na miƙe, na ji ƙasa ta yi wa ƙafar hagu nisa kamar da. Baba ya dubi ƙafar, ya dubi Iya.

“Ai ya faɗa, ƙashin mutum yana da nawa,” in ji Iya. “Magani ya riga ya shiga, ga shaida tana kiwo. Sannu ba ta hana zuwa.”

Babu wanda ya sake ta da maganar asibiti. Ba za a ce ɗori bai kama ba alhali kaza tana yawo a tsakar gida, faɗin haka daidai yake da ƙaryata Iya da maɗori da idon kowa. Aka shiga jira. Damina ta zo ta wuce, kaka ta zo, Baba ya ce bari mu ga baɗi. Kazar ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yanta suka yi nasu. Duk baƙon da ya tambayi ƙafata sai a nuna masa ita. Baduku ya fara ƙara mini fata a ƙasan takalmin hagu, kowace salla ya ƙara wata, har takalmin ya yi nauyin da nake jan sa. Ƙannena biyu suka bi jakuna zuwa Bobi suka dawo suna buɗe murya, ni ina nan ina cire kaska. Na daina jin haushi, na daina sa rai, ban ma san ranar da na daina ba. Mutanen yanzu da ciwon kai kaɗan ya kai su gaban likita ba za su gane yadda gida guda zai zauna shekara da shekaru yana jiran ƙafa ta yi koyi da kaza ba. Ba wauta ba ce, ko kuma ba wauta kaɗai ba. Abin ba ya zubar da jini, ba ya hana barci, ina cin tuwona, kuma kowace safiya ƙafar kamar jiya take.

Sai da gashin baki ya fara fito mini, lokacin da ake ta raɗe-raɗin za a raba mu da Sakkwato a ba mu tamu jiha, na tare Baba na ce zan bi shi Bobi. Ya ce to. Muka fita da sassafe. Kafin hantsi ina gaba-gaba, ina ma yi wa jakuna waƙa. Da rana ta take, ƙugu ya riƙe, gwiwar ta kumbura, idon sawu ya ƙi ɗaukata. Na cije har na faɗi a gefen hanya. Baba bai yi faɗa ba. Ya sauke buhun gishiri daga kan jaki guda ya raba wa sauran, shi da yaran da ke kora masa jakuna suka cicciɓe ni suka ɗora. Haka na shiga kasuwar Bobi, ƙato da ni a kan jaki, Fulani suna yi mini sannu. Da muka dawo gida Baba bai shiga ɗakin Iya neman izini ba. Ya ce mata kawai gobe za mu asibiti. Ta ce a sauka lafiya.

Muka hau babbar mota a kan buhuna. Asibitin ba zarto a bakin ƙofa, ba rami, sai warin magani da mutane zaune a inuwa. Aka ɗauki hoton ƙashin, likita ya ɗaga shi a taga, wani ma'aikaci yana mayar mana da maganarsa da Hausa. Ya ce ƙashin yaro daga bakin gaɓa yake ƙara tsawo, akwai wani wuri mai taushi a nan da ke yin aikin. Ƙarin nawa a daidai wurin ya tsiro, ya danne gefe guda, gefe guda ya ci gaba da tsawo, shi ya sa ƙafar ta karkace ta kuma gaza. Ya nuna wani wuri da alƙalami ya ce da can akwai layi a nan, yanzu ya rufe, na gama tsawo. Ya ce ba mugun ƙari ba ne, ba ya yaɗuwa ya ci jiki, ba ya kisa. Zai iya sare wanda ke tokare ni in na tsuguna, amma tsawon da ƙafar ta rasa ya tafi, miƙar da ita kuma a yanzu babban aiki ne da ba su da kayansa a nan. Sai ya tambaya me ya hana a kawo ni tun ina ƙarami. Yaya za ka gaya wa mutum mai riƙe da hoton ƙashin ɗanka cewa kaza ce ta taka? Baba ya ce, “Allah bai nufa ba.” Ma'aikacin ma bai fassara ba.

Ban ji komai ba. Na tuna ina kallon wani ƙuda a kan taga ina tunanin ko za mu sami motar komawa. Da muka sauka a tashar garinmu Baba ya ɗauki ƙunshin kayana ya ɗora a kansa, abin da uba ba ya yi wa saurayin ɗa, muka ratsa gari mutane suna ce masa yaya mai jiki, yana cewa da sauƙi. Muka tarar da Iya a tsakar gida tana tsince wake, ta tsufa ƙwarai a lokacin, sai ta kare ido da hannu take gane mutum. Inna tana bakin murhu ta ba mu baya, amma ta daina fifita wutar.

“Kun dawo? Me suka ce?”

Baba ya sauke ƙunshin. Ya durƙusa a gabanta.

“Sun ce ba ya kisa, Iya.”

“To, ai na faɗa muku,” ta ce. “Maigida, zo ka sha fura, ka sha hanya.”

Na ja ƙafata na je na karɓa na sha.